Mai Jinyar Jama'a, Wa Ke Jinyar Zuciyarsa? Darasi Daga Annobar Madarunfa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta tare da maganinta, Wanda zukatan bayi suke hannunSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, likitan zukata, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da masu bin tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan darasi ya shafi wasu bayin Allah da ake ambato idan annoba ta sauka, a manta da su da zarar ta ɗaga. Su ne likitoci, da malaman jinya, da ungozomomi, da masu shara da wanki a asibiti, da direbobin motar ɗaukar marasa lafiya, da 'yan sa-kai na ƙauyuka. Da yawa daga cikinsu 'yan'uwa ne a ɗariƙa, ana zama da su a da'irar wazifa, ana gaisawa da su bayan zikirin Juma'a. Jikinsu lafiya lau a ido, amma wasunsu suna ɗauke da nauyin da ya hana su barci, ya ɗauke musu daɗin ibada, har ya sa su zargin imaninsu. Sanin hukuncin wannan hali da maganinsa haƙƙi ne a kan muƙaddami da muridi duka.

Abin da ya faru a Madarunfa

Madarunfa gari ne a kudancin Maraɗi, kusa da iyakar Najeriya, wanda aka sani da tabkinsa da kuma kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Saboda tabkin da dajin da waɗannan kaburbura ne aka shigar da wurin cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a shekarar 2006.

A farkon watan Yuli na 2018, cikin damina, aka kawo wasu 'yan gida ɗaya daga Jibiya ta jihar Katsina zuwa asibitin N'Yelwa da ke gundumar Madarunfa, suna fama da amai da gudawa. Gwaji ya tabbatar da kwalara ce. Kafin tsakiyar watan ya wuce, ma'aikatar lafiya ta bayyana ɓarkewar annoba. Zuwa farkon Oktoba, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna fiye da mutum 3,600 sun kamu a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Doso, mutum 68 sun rasu, kuma gundumar Madarunfa ce ta fi kowace ɗaukar nauyin. Wani kaso na majinyatan daga ƙetaren iyaka suka zo neman magani, domin cuta ba ta san shingen kwastan ba, kuma jama'ar ɓangarorin biyu dangi ne.

Ya kamata a san yadda aikin kwalara yake, don a fahimci halin mai yin sa. Cutar tana zubar da ruwan jikin mutum cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ya shigo da ƙafarsa da hantsi yana iya cikawa kafin la'asar idan ba a mayar masa da ruwan da ya rasa ba. Shi ya sa ɗakin jinyarta ba shi da dare ba shi da rana: neman jijiya a hannun da ya bushe, sauya ledar ƙarin ruwa, ba da ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi, kwashe bokitin da ke ƙarƙashin gado, wanke komai da ruwan kulorin. Kuma wannan ya faɗo ne a watannin da asibitocin yankin suka riga suka cika da yara masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, aikin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana taimaka wa ma'aikatar lafiya a kansa a Madarunfa da Ɗan Isa.

Ba a gama hutawa ba sai ga korona. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijar ranar 19 ga Maris 2020. Aka rufe iyakoki da makarantu da masallatai, azumin shekarar ya kama cikin wannan hali, ba a sake buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu. A wancan lokaci ma'aikacin lafiya ya tsinci kansa tsakanin wuta biyu. A wurin aiki yana tsoron kwaso cuta ya kai wa tsohuwarsa da 'ya'yansa. A unguwa kuma wasu na gudunsa, wasu na cewa cutar ƙarya ce, da shi ake cin kuɗinta. A shekarar 2021 kwalara ta sake dawowa jihar Maraɗi. Mutanen nan dai, hannayen nan dai.

Raunin da ba ya zubar da jini

Masana lafiya sun daɗe da gane cewa mai jinya ma yana jin rauni, ko da cutar ba ta kama shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairu 2020 da Mayu 2021 ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne korona ta yi ajalinsu a faɗin duniya. Ta kuma bayyana cewa a shekarar farko ta annobar ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a tsakanin jama'a. A Amurka wata likitar sashen gaggawa a birnin New York, Lorna Breen, ta halaka kanta a watan Afrilu na 2020 bayan makonnin da ta yi tana karɓar masu korona, har aka yi doka da sunanta a 2022 don kula da lafiyar tunanin ma'aikatan asibiti. Idan haka ta faru inda kayan aiki suke, ina ga ƙaramin asibitin ƙauye inda ma'aikaci ɗaya ko biyu ke riƙe da garuruwa da dama?

Tun a 2019 hukumar ta siffanta wata irin gajiya da aiki mai tsanani ke haifarwa, ta ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da jin zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya daina jin tausayin da ya saba ji, da ganin cewa ƙoƙarinsa ba ya amfana komai. Bayan wannan akwai rashin barci, da mafarkin fuskokin waɗanda suka rasu a hannunsa, da saurin fushi a gida, da ƙin cin abinci, da faɗuwar gaba idan waya ta yi ƙara da dare. Akwai kuma zargin kai: da na ga yaron nan da wuri, da na fara da wancan gadon kafin wannan.

Ga muridi abin yana da wata fuska da ta fi ciwo. Zai ɗauki carbi ya ji kamar dutse ya ɗauka. Salatin da yake sa shi hawaye a da, yanzu harshe ne kawai ke motsi. Sai Shaiɗan ya samu ƙofa, ya raɗa masa cewa an kore shi daga hadara, ko zuciyarsa ta mutu. Idan ya buɗe baki ya faɗa wa wani ɗan'uwa mai gaggawar hukunci, sai a ce masa ƙarancin tawakkali ne, ya ƙara zikiri kawai. Ya koma gida da kaya biyu maimakon ɗaya.

Baƙin ciki ba tawayar imani ba ne

Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙubu (AS) wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, kuma wannan bai rage masa matsayi ba, domin kukansa ga Allah ya kai shi. Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi sun kira ta shekarar baƙin ciki. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake cikawa, idanun Ma'aiki sun zubar da hawaye, Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya yi mamaki, sai ya sanar da shi cewa wannan rahama ce. To malamin jinyar da ya keɓe bayan ɗakin jinya ya yi kuka don jaririn da ya rasu a hannunsa, abin da ke cikin ƙirjinsa daga wannan rahamar yake.

Malaman tasawwufi sun yi bayanin halaye biyu da ke juya zuciyar mai tafiya zuwa ga Allah: ƙabdu, wato ƙuntata, da basɗu, wato yalwata. Imamu Ƙushairi ya yi magana a kansu a cikin Risalarsa, haka Ibnu Aɗa'illah a cikin Hikam. Abin da suka koyar shi ne duka biyun baƙi ne da Allah ke aikowa, kuma ladabin mai ƙunci shi ne ya natsu, ya riƙe abin da aka wajabta masa, kada ya yanke wa kansa hukunci yana cikin duhu. Sau da yawa bawa ya fi kusa da Ubangijinsa a halin ƙunci, saboda a nan ne ganin kai yake karyewa. Ɗanɗano kyauta ce, ana bayarwa ana karɓewa. Wuridin da aka yi da busasshiyar zuciya don cika alƙawari, ba a san nauyinsa a mizani ba.

Sai dai akwai iyaka da ya wajaba a gane, kuma malaman Musulunci sun daɗe da gane ta. Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus a kan gyaran jiki da rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, wannan ana magance shi da nasiha daga waje da gyaran tunani daga ciki. Akwai kuma wanda ke rufto wa mutum ba tare da wani dalili bayyananne ba, ya hana shi walwala da sha'awar komai, wannan ya ce tushensa a jiki yake, yana buƙatar maganin jiki. Fiye da shekara dubu ke nan da wani malami Musulmi ya faɗi abin da wasu ke jin kunyar faɗa a yau: wani ƙuncin na likita ne.

Darasin annobar Amwas

A shekara ta 18 bayan Hijira annoba ta ɓarke a Sham. Sayyidina Umar (RA) yana kan hanya ya isa wani wuri mai suna Sargu, aka ba shi labari, ya yi shawara, ya yanke juyawa Madina. Abu Ubaida ɗan Jarrahu (RA) ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa, cikin ƙaddarar Allah ya kai su. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya kawo hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa don gudu.

Abu Ubaida ya zauna tare da mutanensa har ya rasu a cikinta. Mu'azu ɗan Jabal (RA) ya gaje shi, ya binne ɗansa, shi ma ya bi su. Da jagoranci ya zo hannun Amru ɗan Asi (RA), sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah Ya ɗauke annobar.

Ma'aikacin lafiya yana da rabo a kowane ɗaya daga cikin waɗannan sahabbai. Tsayuwarsa a bakin aiki gadon Abu Ubaida ce. Safar hannu da takunkumi da wanke hannu da neman a sauya shi ya huta, gadon Umar da Amru ne. Babu wanda ya ce Umar ya rasa tawakkali. Haka wanda ya ce wa shugabansa ƙarfinsa ya ƙare, a ba shi kwana biyu, bai ci amanar aiki ba. Gajiyayyen hannu shi ke kuskuren allura.

Game da zargin kai kuwa, a koma ga alƙaluman 2018 ɗin nan. Mutum 68 cikin fiye da 3,600 na nufin kusan 98 cikin kowane ɗari sun tashi sun koma gidajensu, da ikon Allah, ta hannun waɗannan ma'aikata. Shaiɗan yana ɓoye wa mai jinya casa'in da takwas, ya dinga nuna masa biyu. Abin da aka ɗora wa bawa shi ne sababi, rai da ajali ba a hannunsa suke ba. Idan ya yi sakaci na gaskiya, ƙofar tuba da gyara a buɗe take. Idan kuwa ya yi iyakar ƙoƙarinsa da abin da ke hannunsa, to ɗaukar laifin mutuwa wata ɓoyayyiyar da'awa ce ta ikon da ba shi da shi, kuma ajiye ta tauhidi ne.

Sauƙin da shari'a da ɗariƙa suka bayar

Salmanul Farisi (RA) ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i (RA), ya tarar ya ƙuntata wa kansa da azumi da tsayuwar dare har iyalinsa sun shiga wani hali. Ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi. Da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW), sai ya gaskata Salmanu. Haka kuma ya sa aka kwance igiyar da Nana Zainab (RA) ta ɗaura a masallaci don ta riƙe idan ta gaji da nafila. Saboda haka barcin wanda ya kwana a kan majinyata ibada ne idan ya yi niyya, kuma ya fi masa nafilar da zai yi yana layi.

Ita ma ɗariƙa an gina ta a kan sauƙi. Lazimi istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma. Na safe lokacinsa zaɓaɓɓe daga bayan Asuba ne zuwa hantsi, amma mai uzuri yana da dama har faɗuwar rana. Na yamma daga bayan La'asar zuwa Isha'i, mai uzuri kuma har ketowar alfijir. Wanda aiki ya rinjaye shi lokacin ya fita, sai ya rama. Wazifa sau ɗaya a yini ta wadatar, wanda bai samu jama'a ba saboda uzuri ya yi shi kaɗai. Jauharatul Kamali tana da sharaɗin alwalar ruwa da wuri mai tsarki, wanda bai samu haka ba, kamar mai kwana a sansanin kwalara, sai ya karanta Salatil Fatihi 20 a madadinta. Muridin da bai san waɗannan ba yakan ga kamar ya warware alƙawarinsa, ya yanke ƙauna ya ajiye wuridin gaba ɗaya, alhali tambaya ɗaya ga muƙaddami za ta warware masa.

Ya kuma sani cewa ɗakin jinya bai fitar da shi daga hadara ba. Hadisi ƙudusi a cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi wanda bai gaida bawanSa marar lafiya ba, Ya sanar da shi cewa da ya je da ya same Shi a wurinsa. Rufaida Al'aslamiyya (RA) a masallacin Annabi aka kafa mata tanti tana jinyar masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan yaƙin Khandaƙ. Garin da yake alfahari da waliyyai 99 da ke kwance a bakin tabki, ya dace ya tuna cewa Allah Yana ɓoye masoyanSa cikin rayayyu ma, kuma ba mamaki wani yana can riƙe da bokiti da tsintsiya.

Haƙƙin da ke kan zawiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suhuba, wato zama da 'yan'uwa, ginshiƙi ce a tarbiyya, kuma a nan ne amfaninta yake bayyana.

Na farko, a nemi wanda aka daina gani. Idan ɗan'uwa mai aikin asibiti ya yi makonni bai zo wazifa ba, a je gidansa da gaisuwa, ba da tuhuma ba. Lokacin annoba idan haɗuwa ta yi wuya, waya ta isa.

Na biyu, a iya saurare. Labarin zuciya a tambayi fuska. Idan ya fara magana a bar shi ya kai aya, kada a tare shi da wa'azi tun bai sauke abin da ke ransa ba. Abin da ya faɗa amana ce, ba ta zama hirar majalisa.

Na uku, a ɗauke masa wani nauyi na zahiri: cefane, ɗebo ruwa, kai yara makaranta, noman gonarsa idan damina ta same shi a bakin aiki. 'Yan'uwa mata masu aikin jinya da ungozomanci nauyinsu ninki biyu ne, domin suna sauka daga aikin dare su tarar da tukunya tana jiran su. Mazajensu da danginsu su ji tsoron Allah a kansu.

Na huɗu, malamai su kare mutuncinsu a kan mumbari da wurin tafsiri. Yaɗa jita-jita a kan masu allurar rigakafi da masu jinya zalunci ne. Idan aka ce gawar mai kwalara sai an bi wasu matakai wajen wanka da suturarta, don kare masu rai ne, kuma kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Mai rashi yana cikin zafi, amma kada zafin ya sauka a kan wanda ya kwana yana neman ceto masa ɗan'uwa.

Na biyar, kuma shi ne mafi nauyi, a san lokacin da za a ce a tafi asibiti. Idan rashin barci da ƙunci suka wuce mako biyu ba sauƙi, ko mutum ya kasa aiki da hulɗa, ko ya fara dogara da tiramol da ƙwayoyin barci don ya iya tsayawa, ko ya ambaci cewa mutuwa ta fi masa, to a raka shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ta hanyar asibitin gunduma ko manyan asibitocin Maraɗi da Yamai. Wanda ya furta son halaka kansa ba a barinsa shi kaɗai ko na dare ɗaya, kuma a nisanta shi da magunguna da duk abin da zai cutar da kansa da shi. Zuwa wurin wannan likita ba ya nufin hauka. Zikiri da addu'a suna tafiya tare da magani, kamar yadda mai karaya yake salati yayin da maɗori ke ɗora shi. Muƙaddamin da ya ce wa muridinsa ya je ya ga likita, shi ma zai riƙe shi da addu'a, ya cika amanar tarbiyya.

Su ma shugabannin asibitoci da hukumomi akwai nasu: isassun kayan kariya, tsara hutu da adalci, biyan haƙƙi a kan lokaci, da ba ma'aikata damar zama su tattauna abin da suka gani bayan kwanaki masu tsanani. Haƙuri ado ne ga wanda aka jarraba, amma bai halatta mai iko ya mayar da shi hujjar tauye haƙƙi ba.

Damina za ta sake zuwa, kuma babu wanda ya san abin da za ta zo da shi sai Allah. Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin zuciya shi ne a san juna tun ana lafiya. Kowace zawiya ta san 'ya'yanta da ke aikin lafiya, ta ambace su a addu'ar bayan wazifa, ta buɗe musu ƙofar da za su shigo su ce sun gaji ba tare da jin kunya ba.

Allah Ya saka wa masu jinyar bayinSa da mafificin alheri, Ya sanyaya zukatansu, Ya mayar musu da barcinsu da daɗin ibadarsu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a annobar Madarunfa da sauran garuruwa, Ya karɓi shahadarsu. Allah Ya kare Maraɗi da Katsina da dukkan ƙasashen Musulmi daga annoba da fitina, albarkar Shugaba (SAW).

Wa sallallahu ala Sayyidina Muhammadin wa ala alihi wa sahbihi wa sallam.